Tambayoyi da Amsoshi Kan Gajerun Kalmomin da Harsuna Suka Yi Tarayya a Kansu

Waɗannan tambayoyi sun taru ne a hankali daga bakin ɗalibai da abokan hira a garin Gombe, inda mutum kan ji Hausa da Fulatanci da Bolanci da harsunan Tera da Tangale da Waja a mota guda kafin ya sauka a Tashar Dukku. Wanda ya tashi a irin wannan gari ba ya rasa jin wata 'yar kalma a bakin baƙo wadda ta yi daidai da tasa, kuma abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne lalle wani ya ɗauka daga wurin wani. Wani lokaci haka ne, sau da yawa kuma ba haka ba ne.

Me ya sa ake samun kalma iri ɗaya a harsunan da ba su taɓa haɗuwa ba?

Dalili na farko lissafi ne. Sautukan da bakin ɗan Adam yake furtawa suna da iyaka, kuma kowane harshe yana zaɓar kaɗan ne daga cikinsu. Idan harshe yana da baƙaƙe 20 da wasula 5, to gaɓoɓin da zai iya ginawa da baƙi ɗaya da wasali ɗaya guda 100 ne kacal. Harsunan duniya kuwa sun kai kimanin 7,000, kuma idan aka ce za a gwada kowane ɗaya da kowane ɗaya, za a yi gwaji fiye da miliyan 24. A cikin wannan taro, da za a rasa kalmomin da suka yi karo da juna, shi ne abin mamaki.

A ɗauki kalmar "ni". A Hausa mai magana yake nufin kansa da ita. A harshen Bask, wanda ake yi a kan iyakar Sifen da Faransa, ma'anarta ke nan daidai, alhali babu wata dangantaka tsakaninsa da Hausa. A Sinanci "ni" na nufin kai ko ke, a Japananci kuma biyu. "Da" ta Hausa ita ce "i" ta amsawa a Rashanci, a Jamusanci kuma tana nufin can. "Kai" a tsohon Girkanci na nufin da ko kuma, a harshen Mawori na ƙasar Niyu Zilan kuwa abinci ne.

Akwai kuma abin da wani masani Ba'amurke, George Zipf, ya nuna a 1935, cewa kalmomin da aka fi yawan amfani da su a kowane harshe su ne suka fi gajarta, domin baki yana goge su kamar yadda hannu yake goge ƙotar fartanya. Saboda haka kalmomin da kunne ya fi saurin kamawa a bakin baƙo, irin su ni da kai da ba da i, su ne kuma waɗanda suka fi sauƙin dacewa da na wani harshe bisa arashi.

Shin arashi yana iya haɗa sauti da ma'ana gaba ɗaya?

Yana iyawa. Misalin da masana suka fi kawowa shi ne na harshen Mbabaram na ƙasar Ostireliya, inda sunan kare yake "dog", daidai da na Ingilishi, kuma bincike ya tabbatar da cewa kalmar ta samo asali ne daga wata tsohuwar kalmar yankin, "gudaga", tun kafin Turawa su sa ƙafa a can. Haka "bad" a Farisanci da Ingilishi duk suna nufin mummuna, amma kowace da hanyar da ta biyo. A harshen Malay ido "mata" ne, a Girkancin zamani kuma "mati", ba tare da wata alaƙa ba.

Duk malamin da ya taɓa koyar da Ingilishi a ajin farko na firamare ya ga ɗaya fuskar wannan al'amari. Za ka rubuta "she" a allo, ka nuna yarinya, sai yaran su juya suna kallon yaron da ke kusa da ita, domin kunnensu "shi" ya ji. A nan sauti ya dace, ma'ana kuma ta juya baya.

Me ya sa kusan kowa a duniya yake cewa mama da baba?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma amsarta tana bakin jariri. Sinawa suna cewa mama da baba, masu jin Suwahili haka, Turkawa da Yarabawa suna cewa baba, Rashawa mama da papa. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin ragowar harshen farko na 'yan Adam, amma bayanin da masanin harsuna Roman Jakobson ya bayar a 1960 ya fi gamsarwa. Jariri yana fara gwada bakinsa ne da sautukan da suka fi sauƙi, wato ya haɗe leɓɓa ya buɗe, sai "ma" ko "ba" ko "pa" su fito, ko ya taɓa dasashi da harshe, sai "da" ko "na" ko "ta" su fito. Yaron wasa yake yi da bakinsa, iyaye ne suke ɗauka kiran su yake yi, su amsa, har sautin ya zama suna. Jakobson ya ƙara da cewa sautin "m" shi ne wanda yaro yake iya yi alhali bakinsa yana kan nono, shi ya sa yakan manne wa uwa da abinci. Ba banza ba ne a Hausa "mama" take nufin uwa kuma take nufin nono, kamar yadda "mamma" take nufin nono a Latin.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce yadda harsuna suke rarraba waɗannan sautuka yadda suka ga dama. A harshen ƙasar Jojiya "mama" shi ne uba, uwa kuma "deda". Ba ma sai an je nesa ba: a gidan Fulani a nan Gombe uwa ita ce Dada ko Inna, uba Baba, "maama" kuwa kaka ce ko kakan mutum. A Hausa ma Baba biyu ce. Idan murya ta fara daga ƙasa ta tashi, mahaifi ake nufi, idan kuma ta fara daga sama ta sauko, mace ce, uwa ko 'yar'uwar uba. Ga kuma baba na marina, wanda ba shi da ruwa da dangi. Da a ce gado ɗaya ne aka rabo tun farkon duniya, da ma'anar ba ta yi ta yawo tsakanin uwa da uba da kaka haka ba. Kowane gida ne yake sake ƙirƙirar kalmomin duk lokacin da aka yi haihuwa.

Tunda gajerun kalmomin Hausa da yawa sun yi kama da na Larabci, ba daga Larabci Hausa ta fito ba?

A'a, kuma ina so a tsaya a kan wannan, domin kuskure ne da ya yaɗu har cikin masu ilimi. Hausa da Larabci 'yan'uwa ne na nesa, kakansu ɗaya, amma babu wanda ya haifi wani. Dukansu suna cikin babban gidan harsuna da ake kira Afro-Asiya, sunan da Joseph Greenberg ya yaɗa a ayyukansa na 1950 zuwa 1963. Larabci da Ibrananci da Amharanci suna reshen Samiyawa, harshen Buzaye yana reshen Berber, tsohon harshen Masar reshe ne mai zaman kansa, Somaliyanci da Oromo suna reshen Kush, Hausa kuwa tana reshen Cadi, wanda ya ƙunshi harsuna fiye da 150, kuma jihohin Bauchi da Gombe suna daga cikin wuraren da suka fi yawa. Bolanci da Tangale da Tera da Gera da Warji da Miya da Zaar duk 'yan wannan reshe ne.

Alamun zumuncin suna nan a gajerun kalmomi. Bahaushe yana cewa gidanka, gidanki, gidanku, Balarabe yana cewa baituka, baituki, baitukum. Bahaushe yana cewa ya tafi, ta tafi, Balarabe yana sa "ya" a farkon aikin namiji da "ta" a farkon na mace, kamar yaktubu da taktubu. "Me" ta tambaya ta dace da "ma" ta Larabci da Ibrananci. "Mutu" ta dace da "mata" ta Larabci da "mut" ta Ibrananci, kuma tsoffin Misirawa sun rubuta ta da baƙaƙen m da w da t. "Suna" 'yar'uwar "ism" ce da "shem", "halshe" kuma, wanda yanzu aka fi cewa harshe, ɗan'uwan "lisan" ne da "iles" na Berber. Ƙashi a tsohon harshen Masar da baƙaƙen q da s ake rubuta shi, huɗu kuma da f da d da w, abin da ya yi daidai da "fuɗu" da ake ji a wasu kare-karen Hausa da "poɗɗo" na Bolanci.

Abin lura shi ne huɗu ta dace da ta Masar amma ba ta dace da "arba'a" ta Larabci ba, haka biyu da uku ba su kama hanyar "isnani" da "salasa" ba. Da Hausa 'yar Larabci ce, da ƙidayarta ta farko ta Larabci ce. Abin da ya faru shi ne rassan sun rabu tun da daɗewa ƙwarai, masana da yawa suna ƙiyasta fiye da shekara 10,000, kowane reshe ya riƙe wani abu ya yar da wani. Daga baya ne, bayan zuwan Musulunci da fatauci ta Hamada, Hausa ta ari dubban kalmomi daga Larabci, har waɗannan lambobin suka shigo ta wata ƙofa a matsayin sunayen ranaku: Litinin, Talata, Laraba.

To yaya ake gane kalmar gado daga ta aro?

Akwai alamu da ake haɗawa, ba a dogara da guda ɗaya. Kalmar aro takan zo da abin da ta sanya wa suna, kamar addini ko shari'a ko kayan kasuwa, kuma takan zo da tambarin gidansu a jikinta. "Al" ɗin da ke farkon alƙali da albasa da alƙalami ta Larabci ce, haka "l" ɗin littafi da labari da lokaci ragowarta ce. Kasuwa ta fi ban sha'awa, domin asalinta "suƙ" na Larabci ne, Barebari suka ɗora masa "ka" a goshi ya zama "kasugu", sannan ya iso Hausa, abin da ke nuna cewa kalmar ta Barno ta biyo. Kalmar gado kuwa takan kasance cikin abubuwan da babu al'ummar da take jiran baƙo ya koya mata sunansu, kamar mutuwa da ƙashi da suna da ni da kai, kuma ana samun ta a ƙananan harsunan dangin da ba su yi cuɗanya da Larabawa ba.

Alama mafi ƙarfi ita ce dacewar sautuka a jere. Tun bayan da William Jones ya yi jawabinsa a Kalkata a 1786 kan kamannin Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin, masana suka gane cewa abin nema shi ne ƙa'ida mai maimaita kanta. Inda Latin take da "p", Ingilishi yana da "f": pater da father, piscis da fish, pes da foot. Kalma ɗaya da ta yi kama ba ta kafa hujja, amma idan ashirin suka bi ƙa'ida guda, magana ta tabbata. Har a wajen aro ma akwai irin wannan ƙa'ida, shi ya sa "p" ta Ingilishi take komawa "f" a fam da fensir da faci.

Na ji Bolawa suna kiran ruwa "amma". Daga Hausa suka ɗauka?

Ba daga Hausa ba ne. Na fara jin wannan kalma ne a wani ƙauye a ƙasar Kwami, da wata tsohuwa ta ga mun iso da ƙura a ƙafa, ta juya ta yi wa jikarta magana da Bolanci. Ni dai "amma" kawai na kama, na tsaya ina jiran sauran zancen, sai ga yarinya da kwanon sha. "Amma" ta Bolanci tsohuwar kalmar Cadi ce ta ruwa, Ngizimawa suna cewa "am", kuma masana suna danganta ta da "ma'u" ta Larabci da "aman" ta Buzaye. Hausa ce ta bar ta, ta kama "ruwa". Ita kuwa "amma" ta Hausa, mai warware zance, aro ce daga Larabci. A kudancin Indiya, masu jin Tamil suna kiran uwa "amma", wadda ta fito daga bakin jariri. Sauti ɗaya ne, amma a wuri ɗaya gado ne, a wani aro, a na uku kuma gwalan-gwalan ɗin yaro.

Me ya sa ake cewa "Mai Martaba Mai Kaltungo"? Ba maimaici ba ne?

Ba maimaici ba ne, kalmomi biyu ne suka zauna kusa da juna. "Mai" ta farko ta Hausa ce, ta mallaka, irin ta mai gida da mai shayi. Ta biyu sarauta ce, ma'anarta sarki, kamar yadda ake cewa Mai Tangale, kuma ita ce laƙabin da sarakunan Kanem da Barno na gidan Saifawa suka ɗauka ƙarnuka masu yawa. Ga kuma mai na miya da na mota, wanda muryarsa take faɗowa daga sama, shi ya sa Bahaushe yake cewa "mai mai" ba tare da ya rikice ba.

Irin wannan yana da yawa a Gombe saboda zaman Hausa da Fulatanci a gida ɗaya. Baƙon da ya ji yaro yana kiran "Adda" zai iya zaton makamin sara yake nema, alhali yayarsa yake kira, haka "Hamma" wa ne, ba ta mai jin barci ba. A baki karin sauti da tsawon wasali suna raba su sarai. Rubutun boko ne yake haɗe su, tunda ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suka sa kamannin da ake gani a takarda ya fi wanda ake ji a kunne yawa.

Shayi da ti abu ɗaya ne, me ya sa sunan ya zama biyu?

A teburin mai shayi a Jekadafari da sassafe za ka ji dattijo ya ce a haɗa masa shayi, ɗan makaranta kuma ya ce a ba shi ti da burodi, mai shayin ya zuba musu daga tukunya ɗaya. Sunayen biyu duk daga ƙasar Sin suka taso, kuma da harafi ɗaya Sinawa suke rubuta su. A mafi yawan ƙasar ana furta shi "ca", amma mutanen gaɓar tekun Fujiyan suna cewa "te". Wanda ya bi ta tudu da ayarin fatake ya zama "cay" a Farisa, "shay" a wurin Larabawa, "cay" a Rasha da Turkiyya, "chai" a Suwahili, ya iso mu a matsayin shayi. 'Yan kasuwar Holan kuwa, waɗanda suka fara kai ganyen Turai a jirgin ruwa wajen 1610, da masu cewa "te" suka yi ciniki, daga wurinsu Faransawa da Jamusawa da Ingilishi suka karɓa, Turawan mulkin mallaka kuma suka kawo mana ti. Mutanen Fotugal, da yake ta Makawo suka yi nasu cinikin, "sha" suke furtawa har yau.

Haka labarin gahawa da kofi yake. "Ƙahwa" ta Larabci ta zo mana kai tsaye ta zama gahawa, ita ce kuma ta bi ta Turkiyya da Italiya da Holan da Ingila ta dawo mana a matsayin kofi. Kofin da ake zuba shi a ciki kuwa daga "cup" yake, ya zo ya tarar da takwaransa. Sukari da suga ma tagwaye ne, tushensu "sharkara" ta Sanskirit.

Daga ina "OK" ta fito, kuma tana da alaƙa da "to"?

Ba su da alaƙa, aikinsu ne ya zo ɗaya. An fara ganin OK a rubuce a jaridar Boston Morning Post ta ranar 23 ga Maris 1839, lokacin da 'yan jaridar Amurka suke yayin gajarta kalmomin da aka rubuta ba daidai ba da gangan, inda OK ta tsaya a madadin "oll korrect". A 1840 magoya bayan shugaba Martin Van Buren suka ɗauke ta wajen yaƙin neman zaɓe, domin ana yi masa laƙabi da Old Kinderhook, saboda sunan garinsu Kinderhook. Allen Walker Read ne ya bi diddigin wannan a 1963 da 1964. An yi ta danganta kalmar da harshen Choctaw na 'yan asalin Amurka da kuma Wolof na Senegal, amma bayanin Boston ne yake da shaidar takarda mai kwanan wata.

"To" tamu ta fi OK faɗin aiki, domin da ita ake amincewa, da ita ake buɗe zance, da ita ake rufe shi, kuma idan aka ja ta aka ce "tooo" ta zama mamaki ko gargaɗi. A Fulatancin Gombe, wanda D. W. Arnott ya gina littafinsa na nahawu na 1970 a kansa, akwai wata "to" dabam mai nufin idan.

Me ya sa Musulmi da Kirista duk suke cewa "amin"?

Domin kalmar ta harsunan Samiyawa ce, kuma Attaura da Alƙur'ani da waɗannan harsuna suka fara zuwa. A Ibrananci "amen" ce, daga nan ta shiga Girkanci da Latin da harsunan Turai ba tare da an fassara ta ba, a Larabci kuma "amin". Saiwarta baƙaƙe uku ce, alif da mim da nun, masu ɗauke da ma'anar tabbata da gaskatawa, kuma daga wannan saiwa Hausa ta sami amana da imani da aminci da amini da mumini, da sunayen Aminu da Amina. A wurin ɗaurin aure ko ta'aziyya a Billiri ko Deba, inda jama'ar addinai biyu suke zama kan tabarma ɗaya, ita ce kalmar da ba a buƙatar tafinta a kanta.

Akwai kalmar da duk duniya ta yi tarayya a kanta?

Wadda ta fi kusa da haka ita ce 'yar ƙaramar muryar da mutum yake yi idan bai ji abin da aka faɗa ba. A 2013 Mark Dingemanse da abokan aikinsa biyu a cibiyar Max Planck ta Holan sun saurari hirarrakin yau da kullum a harsuna 10, ciki har da Siwu na Gana, suka kuma duba wasu har jimla ta kai 31, suka tarar ko'ina gaɓa ɗaya ce gajera, mai wasali buɗaɗɗe da muryar tambaya, irin "ha?" ko "e?". Sun bayyana cewa buƙata ce ta sassaƙa ta haka, domin dole ta fito da sauri kafin mai magana ya wuce. Mu ma muna da "e?" da "iye?", sai dai tarbiyya ta hana yaro ya yi wa babba su, an koya masa ya ce "na'am?", wadda aro ce daga Larabci.

Hausa karɓa kawai take yi, ko ita ma ta bayar?

Ta bayar da yawa. Wahala da albasa da alafiya sun isa Yarabanci ta hannun Hausawa, "haba" ta zama ta kowa a Nijeriya, suya kuma, wadda ta fito daga soya, ta shiga ƙamusun Oxford. Ita ma Hausa ta karɓi ashana da keke da agogo daga Yarabawa, kawu da goggo da baffa daga Fulani, galadima da ciroma da yarima daga Barebari. Kwabo daga "copper" yake, sule daga "shilling", kuma da aka sauya kuɗi a ranar 1 ga Janairu 1973, kobo ya zama sunan hukuma. Goro kuwa kusan da wannan suna Fulani da Barebari da Zabarmawa suka san shi, saboda hanyar fatauci ɗaya ce ta raba musu shi daga kasuwannin Gwanja.

Idan "sai" da "amma" da "ko" suka cika harshenmu, alamar ya fara mutuwa ce?

Wannan tambaya daga wani matashi Batere, mai jin harshen Tera, ta zo, kuma na ga damuwa a fuskarsa lokacin da ya yi ta. Aron irin waɗannan ƙananan kalmomi na haɗa zance abu ne da aka saba gani duk inda mutane suke jin harsuna biyu. Fulatancin gabas ya daɗe da ɗaukar "sey" daga sai da "diga" daga daga, kuma bai fasa zama Fulatanci ba, kamar yadda Hausa ta ɗauki amma daga Larabci ba ta zama Larabci ba. Aro kaɗai ba ya kashe harshe.

Abin da yake kashe shi shi ne ranar da uwa ta daina yi wa ɗanta magana da shi. Hakan ya faru a ƙasar Bauchi: harshen Ajawa ya ɓace tsakanin 1920 da 1940 da masu shi suka koma Hausa, na Kubi ya bi shi, na Bure a ƙasar Kirfi kuma tsofaffi ƙalilan ne suka rage da shi. Ina jin zafin wannan a matsayina na mai koyar da Hausa, domin waɗannan harsuna su ne shaidun tarihin Hausar kanta. Ba don Bolanci da 'yan'uwansa sun riƙe "amma" ba, da ba mu san tsohon sunan ruwa a gidanmu ba. Aikin da Paul Newman ya yi kan Tera, da na Russell Schuh kan Miya da Bolanci, da ƙamusun Tangale na Herrmann Jungraithmayr na 1991, dukansu daga bakin masu jin harsunan aka yi su.

Wanda yake so ya bincika wata kalma da kansa, ta ina zai fara?

Ya fara da ƙamusun Bargery na 1934, domin yana nuna karin sauti, kuma sau da yawa yana faɗin harshen da aka aro kalma da yankin da ake amfani da ita. Sannan ya nemi kalmar a harsunan maƙwabta kafin ya tsallaka teku, ya tambayi abin da Babole da Batangale da Bafulatani suke ce wa abin, domin idan kalmar tana Hausa da Larabci kaɗai, aro ya fi kusa, idan kuma tana warwatse a ƙananan harsunan Cadi da ɗan sauye-sauye masu bin ƙa'ida, gado ya fi kusa. Ya guji yanka kalma gunduwa-gunduwa don ta ba da jimlar Hausa ko ta Larabci, domin da wannan dabara kowane suna a duniya ana iya mayar da shi na kowa.

Idan kuma zai ɗauki kalmomi daga bakin kakarsa, ya yi amfani da wayarsa ya naɗi murya, kada ya tsaya ga rubutu, saboda karin sauti. Ya sa ta faɗi kalmar sau uku ita kaɗai, sannan ta sa ta cikin jimla, ya rubuta sunan ƙauyen da shekarar, ya kuma tambaye ta ko haka iyayenta suke faɗa ko akwai wata tsohuwar kalmar da aka bari. Ya fara da sassan jiki da ƙidaya daga ɗaya zuwa goma, sannan ruwa da wuta da rana da wata.